Tambayoyi da amsoshi kan darasin Kemistiri a babbar sakandare da matakin IJMB

Duk shekara, da zarar an dawo daga dogon hutu, iyaye da ɗalibai sukan zo mini da tambayoyi kusan iri ɗaya game da Kemistiri, wato kimiyyar sinadarai. Yawancin masu tambayar yara ne da suka zaɓi ajin kimiyya a babbar sakandare, sai kuma waɗanda suka kammala suke shirin shiga IJMB, wato shirin karatun share fagen shiga jami'a. Na ga ya dace in tattara tambayoyin wuri guda in amsa su a tsanake, bisa manhajar da ake bi a Najeriya domin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB.

Malam, me ya bambanta wannan darasi da kimiyyar da muka yi a ƙaramar sakandare?

A ƙaramar sakandare an fi tambayar ɗalibi sunan abu da siffarsa, kuma idan ya riƙe abin da malami ya rubuta a allo, ya tsira. A babbar sakandare tambayar takan koma kan yawa da dalili: giram nawa na wannan sinadari zai haɗu da giram nawa na wancan, me zai fito, kuma me ya sa haɗuwar take sauri idan an ƙara zafi. A SS1 akan fara da ƙirar atom, wato ƙwayar zarra, da alamomin sinadarai, da rubuta lissafin haɗuwarsu, da dokokin da iskar gas take bi. A SS2 ne kaya suke yin nauyi, domin a nan ake shiga jadawalin sinadarai, da musayar zafi, da saurin haɗuwa, da daidaito, da rarraba sinadari da wutar lantarki. SS3 kuma yakan tafi a kan sinadaran kabon da ƙarafa da shirin jarrabawar gwaji. Jerin yakan ɗan sauya daga makaranta zuwa makaranta, amma kowane babi yana tsaye ne a kan wanda ya gabace shi, shi ya sa giɓin da aka bari a SS1 yake bin ɗalibi har zauren jarrabawa.

An ce mini Kemistiri hadda ce zalla. Haka ne?

Akwai abin haddacewa, ba na musun haka. Dole ɗalibi ya riƙe sinadarai ashirin na farko a jadawali bisa jerinsu, da alamominsu, da launukan da ake gani wajen gwaji. Yaranmu da suka taso da allo da tilawa suna da ƙarfin hadda, kuma baiwa ce da nake so su yi amfani da ita. Sai dai hadda kaɗai ba ta wuce zango ɗaya ko biyu take gazawa.

Jadawalin kansa hujja ne. A 1869 masanin ƙasar Rasha Dmitri Mendeleev ya jera sinadaran da aka sani a zamaninsa bisa nauyinsu da halayensu, ya bar gurabe babu kowa, ya kuma faɗi siffofin sinadaran da za su cike guraben tun ba a gano su ba. An gano galiyam a 1875 da jamaniyam a 1886, siffofinsu kuma suka zo kusa ƙwarai da abin da ya faɗa. Yau jadawalin yana ɗauke da sinadarai 118, kuma babu mai neman ɗalibi ya haddace halin kowanne. Abin da ake so shi ne, idan ya san halin sodiyam, ya iya faɗin halin fotasiyam da ke ƙarƙashinsa a rukuni ɗaya, tare da dalili.

Mene ne mol, kuma me ya sa malamai suke nanata shi haka?

Idan aka ce in zaɓi babi guda da yake raba masu cin wannan darasi da masu faɗuwa, mol zan zaɓa ba tare da wani dogon tunani ba. Atom ya yi ƙanƙanta da yawa, ba a iya ƙirga shi ɗaya-ɗaya, don haka masana suka yi masa ma'aunin ƙirga kamar yadda 'yan kasuwa suke da dozin. Dozin ɗin ƙwai da dozin ɗin kankana duk sha biyu ne, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Haka mol yake: ko na wane sinadari ne, yana ɗauke da ƙwayoyi 6.02 × 10²³, adadin da ake kira lambar Avogadro, amma kowanne da nauyinsa. Mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, wato babban cokali ɗaya da 'yar ɗoriya. Mol ɗaya na sodar da ake yin sabulu da ita giram 40 ne, na asid ɗin batirin mota kuma giram 98.

Amfanin wannan yana bayyana ne idan aka zo lissafi. Dutsen da kamfanonin siminti na Sakkwato da Ashaka suke haƙowa, idan aka ƙona giram 100 na tsantsarsa, za a samu giram 56 na ƙonanniyar farar ƙasa da giram 44 na iskar kabon dayokzaid, kuma wannan iska za ta cike lita 22.4 a ma'aunin zafi da matsi da aka amince da shi. Ɗalibin da ya gane mol zai fitar da waɗannan alƙaluma da kansa daga layi ɗaya na lissafin haɗuwa, zai kuma iya faɗin abin da za a samu daga tan dubu.

Ga wani misali da ɗan manomi zai gane nan take. A jikin buhun takin yuriya ana rubuta 46. Mol ɗaya na yuriya giram 60 ne, 28 daga ciki naitirojin ne, idan kuma aka raba 28 da 60 za a samu kashi 46 da ɗoriya cikin ɗari. Ke nan buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kimanin kilo 23 na naitirojin. Na sha ganin ɗalibin da ya yi watanni yana kokawa da mol, amma ranar da ya yi wannan lissafi ya ga amsarsa ta yi daidai da abin da ke jikin buhun da mahaifinsa yake saya, daga nan hankalinsa ya kwanta da darasin. Shawarata ita ce kada ɗalibi ya bar SS1 bai iya juya giram zuwa mol, da mol zuwa giram, da mol zuwa lita, cikin sauƙi ba.

Ba ni da ƙarfi a lissafi. Zan iya kuwa?

Za ki iya, domin lissafin da ake bukata ba mai zurfi ba ne, yawansa ne kawai. Ana bukatar kaso da rabo, da juya ƙa'idar lissafi a fitar da abin da ake nema, da rubuta manya da ƙananan lambobi a taƙaice, da zana jadawalin giraf da karanta shi. Logaridim yana shigowa wajen pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, kuma a nan ne ɗalibi zai fahimci cewa ruwa mai pH 3 ya ninka mai pH 4 tsami sau goma. Kuskuren da na fi gani shi ne mantawa da ma'auni, kamar a rubuta 25 ba a faɗi ko giram ne ko cm³ ba, ko a manta a raba cm³ da 1,000 kafin a mai da shi lita. Masu gyaran takarda suna rage maki a kan wannan ko da alƙalamin amsar daidai ne.

Sunayen sinadaran suna da tsawo, ga shi duk da Turanci ne. Yaya zan yi da su?

Sunayen suna da ƙa'ida, kuma wanda ya san ƙa'idar ba ya bukatar haddace su. Asid ɗin batir, H₂SO₄, littattafanmu suna kiransa tetraoxosulphate(VI) acid. Tetra yana nufin huɗu, oxo yana nufin oksijin, sulph kuma farar wuta, lambar VI tana nuna matsayin farar wutar a cikin haɗin. Da zarar an warware suna ɗaya haka, sauran sun zo da sauƙi. A sinadaran kabon ma haka ne: meth ɗaya, eth biyu, prop uku, but huɗu, gwargwadon yawan atom ɗin kabon. Kalmar alkali da ake kiran kishiyar asid da ita ma daga Larabci ta fito, asalinta sunan tokar wasu tsirrai ne, kuma duk wadda ta taɓa tace ruwan toka ta san abin da ake nufi.

Nakan ce wa ɗalibaina su bayyana wa junansu darasi da Hausa har sai sun gane, sannan su zauna su rubuta shi da Turanci, tunda da Turanci za a tambaye su. Wanda ya kasa faɗin abu da harshen uwarsa, galibi bai gane shi ba tukuna.

Me ake yi a ɗakin gwaje-gwaje?

Ayyuka biyu ne manya. Na farko shi ne taitireshan, wato auna ƙarfin asid ko alkali. Ɗalibi zai zuba asid a buret, wani dogon bututun gilashi mai ɗaukar cm³ 50 da ke da famfo a ƙasa, sannan ya ɗebi cm³ 20 ko 25 na alkali da fifet, wani siririn bututun awo, ya zuba a kwalbar gwaji, ya ɗiga digo biyu ko uku na sinadarin da ke nuna launi. Idan metil orenj ne, ruwan zai zama rawaya, sai a riƙa sakin asid a hankali ana kaɗa kwalbar har digon da zai sauya launin zuwa ruwan lemo. Idan fenolftalin ne, launin hoda ne zai ɓace. Ana maimaita aikin har a samu sakamako aƙalla biyu da tazararsu ba ta wuce cm³ 0.20 ba, a rubuta kowane karatu da lamba biyu bayan ɗigo, da biro, a cikin tebur mai tsafta. A baki aikin yana da sauƙi, amma hannun da bai saba da famfon buret ba yakan saki asid fiye da ƙima, ido kuma yakan karanta saman ruwan maimakon ƙasan lanƙwasarsa.

Na biyu shi ne gano sinadarin da ke cikin wani gishiri da ba a faɗi sunansa ba, kuma shi ne sashen da ɗalibai suka fi jin daɗinsa. Idan aka ɗiga ruwan amoniya a narkakken gishirin tagulla, wani shuɗi mai haske zai kwanta, idan aka ƙara amoniyar sai ya narke ya zama shuɗi mai duhu. Gishirin baƙin ƙarfe iri biyu ne: idan aka ɗiga musu amoniyar, ɗaya yana ba da kore mai dauɗa, ɗayan kuma ja mai kama da tsatsa. Iskar kabon dayokzaid tana mai da ruwan farar ƙasa fari kamar madara. Ana rubuta komai a shafi mai gida uku, na abin da aka yi, da abin da aka gani, da abin da aka fahimta. Ina roƙon ɗalibai su rubuta abin da idonsu ya gani ko da ya saɓa wa abin da suka zata, domin wannan gaskiyar ita ce babbar tarbiyyar da ɗakin gwaji yake koyarwa.

Malam, makarantar yarona ba ta da kayan gwaji. Mene ne mafita?

Wannan tambaya tana sosa mini rai, domin na san makarantun da ɗalibi ba ya taɓa buret sai ana saura 'yan kwanaki jarrabawa. Ranka ya daɗe, abu na farko shi ne iyaye su tayar da maganar a taron iyaye da malamai tun yaran suna SS1, domin buret da fifet da kwalaben gwaji ba su kai kuɗin wasu abubuwan da ake tara wa kuɗi ba, kuma makarantu maƙwabta suna iya aron ɗaki a tsakaninsu a ƙarshen mako.

Kafin a samu hakan, akwai abin da za a iya gwadawa a gida ba tare da haɗari ba. Ruwan zoɓo yana nuna launi kamar sinadaran ɗakin gwaji: idan aka matsa masa lemon tsami jansa zai ƙara haske, idan aka sa masa jiƙaƙƙiyar kanwa ko ruwan toka sai ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Idan aka matsa lemon tsami a kan garin kanwa zai yi kumfa, kumfar nan kuma kabon dayokzaid ce. Ƙusa uku, ɗaya a busasshiyar kwalba, ɗaya a ruwa, ɗaya a tafasasshen ruwan da aka rufe samansa da mai, za su nuna cewa tsatsa tana bukatar ruwa da iska tare. Gani ya kori ji, amma waɗannan ba za su maye gurbin sabon hannu da buret ba. Kada kuma a bar yaro ya yi gwaji da ruwan batir ko sodar sabulu a gida.

Akwai haɗari a darasin?

Akwai, amma ƙa'idoji kaɗan suna kare shi. Asid mai ƙarfi ake zubawa a ruwa sannu a hankali, ba a zuba ruwa a kansa, domin zafin da ke fitowa zai sa ya fantsamo. Ba a ɗanɗana komai, ba a kuma kafa hanci a bakin kwalba, sai dai a kaɗo ƙamshin da hannu. Idan sinadari ya taɓa fata ko ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take a sanar da malami. 'Yan mata su cusa bakin hijabi cikin rigar gwaji kafin a kunna wuta, samari kuma su naɗe hannun riga mai faɗi. Wannan ilimi yana bin ɗalibi har gida: shi ne zai hana a haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid, domin iskar kilorin mai guba take fitowa, shi ne kuma zai hana a kwana da janareta ko garwashin gawayi a rufaffen ɗaki, saboda iskar kabon monokzaid da ba ta da launi ba ta da wari.

Waɗanne babuka ne suka fi ba ɗalibai wahala bayan mol?

Na farko shi ne daidaito, wato haɗuwar da take tafiya gaba tana kuma dawowa baya a lokaci guda. Misalin da ake koyarwa da shi shi ne hanyar Haber ta yin amoniya daga naitirojin da haidirojin, wadda takin yuriya yake fitowa daga gare ta. Mol huɗu na gas ne suke komawa biyu, don haka ƙarin matsi yana ƙara yawan amoniya. Haɗuwar tana fitar da zafi, ke nan sanyi zai fi ba da amoniya mai yawa, amma a cikin sanyi aikin ba ya sauri. Saboda haka masana'antu suka tsaya tsaka-tsaki, a zafi kimanin digiri 450 da matsi kimanin ninki 200 na iskar da muke ciki, tare da baƙin ƙarfe mai hanzarta aikin. Ɗalibin da ya iya bayyana dalilin wannan zaɓi ya gane ƙa'idar Le Chatelier, wadda take bayyana yadda daidaito yake karkata idan aka sauya zafi ko matsi.

Na biyu shi ne musayar elektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye da tsakiyar atom. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga wannan babi da idonsa. Shuɗin baba ba ya narkewa a ruwa, sai ya jiƙu a karofi tare da toka ya ruɓa, a nan ne yake karɓar elektiron ya narke ya shiga zare. Idan marini ya ɗago tufa takan fito da launi mai kore-kore, iska na bugunta sai oksijin ya karɓe elektiron ɗin, shuɗin ya dawo ya kama zaren. Daga wannan babi ake shiga lissafin wutar lantarki, inda kulom 96,500 (kulom ma'aunin yawan lantarki ne) yake kwantar da giram 108 na azurfa.

Na uku shi ne sinadaran kabon, wanda yawansa ne yake tsorata ɗalibai. Maganinsa shi ne a koye shi dangi-dangi, a san halin kowane dangi. Sabulun salo da ake yi da mai da ruwan toka, da tace ɗanyen mai zuwa fetur da kananzir da gas, duk a nan suke.

Yaya tsarin jarrabawar yake?

A WAEC takardu uku ne. Ta farko tambayoyin zaɓi 50 ne cikin awa ɗaya, maki 50. Ta biyu ta rubutu ce, awa biyu, maki 100, kuma sashenta na farko dole ne a amsa shi duka. Ta uku ita ce ta gwaji, awa biyu, maki 50, mai tambayoyi uku: taitireshan, da gano sinadari, da tambayoyi kan sanin aikin ɗakin gwaji. Tsarin NECO ma ya ƙunshi waɗannan ɓangarori uku. Ana neman aƙalla C6 kafin a ce an samu kiredit. A JAMB kuwa tambayoyin Kemistiri 40 ne a kwamfuta, kuma awa biyu ake bayarwa ga darussa huɗu gaba ɗaya, don haka saurin lissafi yana da muhimmanci. A nemi manhajar shekarar da za a zauna jarrabawa a duba ta babi-babi.

Idan na shiga IJMB, maimaita karatun sakandare zan yi?

A'a. IJMB shiri ne na gaba da sakandare wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take kula da jarrabawarsa, ana ɗaukar darussa uku, wanda ya ci da kyau kuma yana iya shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. JUPEB ma irin wannan hanya ce. Sunayen babukan za su yi kama da waɗanda ka sani, amma abin da aka taɓa sama-sama a SS2 yanzu za a nemi ka lissafa shi. Za ka yi aiki da dokar Hess ta lissafin musayar zafi, da lissafin da ke nuna ko haɗuwa za ta faru da kanta, da pH na raunanan asid, da yadda elektiron yake tafiya mataki-mataki a haɗuwar sinadaran kabon. Karatun da ya kai nauyin shekarar farko ta jami'a ne ake dunƙulewa cikin ƙasa da shekara guda, saboda haka wanda ya zo da rauni a mol ya gyara shi kafin a fara.

Malam, 'yata tana son zama likita. Dole ne sai ta yi Kemistiri?

Dole ne, Hajiya. Karatun likita da na haɗa magunguna da na jinya duk suna neman kiredit a Kemistiri tare da Turanci da Lissafi da Fiziks da Bayoloji, kuma mai neman likitanci tana rubuta shi a JAMB. Injiniyanci da aikin gona ma suna bukatarsa.

Yaya ya kamata in tsara karatuna a gida?

Minti talatin ko arba'in kullum da biro a hannu ya fi awa biyar a daren jarrabawa. A karanta darasin ranar tun bai huce ba, a rufe littafi, a warware tambayoyi uku ko huɗu, a kuma ware littafi guda na rubuta kurakurai da dalilinsu. Daga tsakiyar SS2 a fara bin tambayoyin shekarun baya babi-babi, a SS3 kuma a riƙa amsa takarda cikakkiya ana duba agogo. Kayan da ake bukata ba su da yawa: littafin karatu ɗaya da ya bi manhaja, da kalkuleta ta kimiyya wadda hannu zai saba da ita tun SS1, da littafin giraf, da farar rigar gwaji, da kwafin jadawalin sinadarai da za a liƙa a bangon ɗaki kusa da inda ake karatu.